Suna Ba Jariri

Daga Hajiya Saude, Kura, zuwa ga 'yarta Rauda, Abuja

Rauda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan lafiya lau, sai zafi da hidimar albasa. An sako ruwa a kanal, yayanki a gona yake wuni.

A takarda na rubuta zan ɗauki hotonta in turo miki kamar yadda muka saba, domin saƙon murya ba ya barin mutum ya auna maganarsa, yau kuwa ina bukatar in auna tawa.

Saliha matar yayanki ta je awo asibitin Gadar Tsamiya, sai Sista Kubra, shugabar ɗakin jarirai, ta tare ta tana cewa ashe ƙanwar mijinta ce likitar da ta zo da baƙi kwanan baya. Yarinyar ta dawo ta gaya min cikin murna, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Daga asibitin nan zuwa ƙofar gidanmu ko mai Keke Napep ba zai ce an wahalar da shi ba. Kika zo, kika koma, a bakin suruka zan ji. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ban ce komai ba bayan wannan.

Magana ta biyu ta fi ta farko nauyi. An ce jarirai kuke zaɓa ku gwada magani a kansu. Ke kina firamare lokacin sanƙarau, ni kuwa da hankalina, na ga iyayen da aka ba 'ya'yansu abin da ba a yi musu bayaninsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ban sayar da shinkafa shanshera na kai ki karatun likita don ki zama 'yar jagorar masu irin wannan aiki ba.

Amma ba na yanke hukunci a kan jita-jita. Na yi sakandare, Turancina bai gudu duka ba, saboda haka kada ki rufe ni da manyan kalmomi. Ki gaya min dalla-dalla. Wane magani ne? Wa ya aiko ku? Me kuke dubawa a ɗakin, da har aka ce kin durƙusa kina leƙa bayan firji? Jaririn da ko suna ba shi da shi, wa yake amsa muku da yawunsa?

Saliha ta shiga wata na bakwai, ƙafa ta ɗan kumbura, amma tana cin abinci. Ki gaida maigidanki. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Saude

Daga Rauda zuwa ga mahaifiyarta

Inna,

Wa alaikumus salam. Barka da gida, barka da zafi. Na karanta takardarki a ofis, sai da na gyara zama kamar kina tsaye a kaina.

Ki yafe min rashin biyowa gida. Motar aiki ce, mu da yawa, kuma akwai wani asibitin da ke jiranmu a ranar. Na san wannan ba hujja ba ce a wurinki, ban kuma kawo ta a matsayin hujja ba.

Ba jarirai muke zaɓa ba, Inna, ɗakuna muke zaɓa. Kin san bakwaini wani lokaci yana barci sai ya manta da numfashi, sai an taɓa shi ya tuna. Akwai maganin da ke tunasar da shi, an daɗe ana ba da shi a duniya, ba sabo ba ne. Za ki yi dariya in na ce miki sinadarinsa shi ne wanda ke cikin goro, mai hana ki gyangyaɗi. Abin da ba a tabbatar ba shi ne awon maganin da ya fi dacewa da jariranmu. Likitoci suna ba da awo iri biyu, dukkansu an yarda da su, amma ba wanda zai rantse miki wanne ya fi. Shi muke so mu gano. Jami'o'i ne suka haɗu, akwai kuma kwamitin da aikinsa kawai ya hana mu cutar da kowa, yana da ikon tsayar da mu. Ba a sa jariri sai an zaunar da iyayensa an yi musu bayani da Hausa, in sun ƙi, kulawarsa ba ta raguwa. Wane awo zai samu kuwa, ƙuri'a ce ke faɗa, ba likita ba.

To, irin wannan aikin ba ko'ina zai yiwu ba. In wuta tana ɗaukewa kwalbar ɗumama jarirai ta huce, jariri ya rasu, ba mu san ko awon ne ko sanyi ba. In sikeli yana ƙarya, awon ma ƙarya ne. In nas ɗaya ce a kan jarirai da yawa, wa zai ga wanda ya daina numfashi? Bayan firji kuwa, ina duba ko a layin sola yake ko a na NEPA.

Gadar Tsamiya ta ba ni mamaki. Solarsu tana riƙewa, Sista Kubra kuma ba ta wasa. Abu ɗaya ne ya tsaya mana. Da yawa daga cikin bakwainin da aka kwantar, ana gobe suna iyaye suke sa hannu su ɗauke su, kuma ba kasafai ake dawowa da su ba. Mu kuwa sai jariri ya zauna har ya yi ƙwari kafin mu san abin da magani ya yi. Ɗakin da aka zaɓa za a ƙara masa ma'aikata da na'urar iska, kuma kayan za su zauna bayan an gama. Ina so gida ya samu, amma so ba ya cikin abin da aka aike ni in auna.

A gaida Yaya Hambali da Anti Saliha, a ce ta riƙa ɗaga ƙafar.

'Yarki,
Rauda

Daga Hajiya Saude

Rauda,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta ta a bakin tukunyar turara shinkafa har wuta ta kusa cinye min ƙasan.

Goro. Na ɗauko ɗaya daga gefen zanina na juya shi ina kallo. Shekara nawa ina faɗa da kakarki a kan ta rage shi, ashe magani take ci. Ban gaya wa matan layinmu ba, don na san akwai wadda za ta tauna ta ɗura wa jariri. Ke ma ki kiyaye wa kike gaya wa.

Maganar zaɓen ɗaki na gane ta, ba sabuwa ba ce a Kura. Lokacin da malaman gona suka zo gwajin sabon irin shinkafa, mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya so a yi a gonarsa, don wanda aka zaɓa taki kyauta yake samu. Suka ƙi, suka ɗauki gonakin bakin kanal. Tamu tana can ƙarshen layi inda ruwa ke isowa a gajiye, in iri ya mutu ba a san ko shi ne marar kyau ko ƙishirwa ce ta kashe shi ba. Ya yi fushi, bai sayi irin ba sai da ya ga buhunan maƙwabta.

Ƙuri'ar ce ta fara tayar min da hankali, na ce caca da ran ɗan mutum. Da na kwana da ita sai na tuna da ita aka raba gonakin gadonku, don kada mai rabo ya karkata ga wanda yake so. In likita ma zuciyarsa ake tsoro, to an yi tunani. Amma ina da tambaya. In tun ana tsakiyar aikin kuka ga awo ɗaya ya fi, za ku ci gaba da ba sauran jarirai ɗayan don kawai ku kai ƙarshen lissafinku? Ki ba ni amsa.

Inda ban yarda da ke ba shi ne zancen suna. Kin rubuta shi kamar wata cuta ce da ke damun mutanenmu. Suna haƙƙin ɗa ne a kan ubansa. Ranar ce dangi ke ganinsa su san nasu ne, wanzami ya yi masa aski ya duba belu, uwa ta fito ta sha iska. Da ke da yayanki duk an yi muku, ba wanda ya ragu da komai. Kada boko ya sa ki riƙa kallon al'adar gidanku ta tagar mota.

Kuma tunda kin ce kayan za su zauna, me zai hana ki sa baki? Matan Kura da Bunkure har da na Madobi nan suke zuwa, in abu ya yi tsanani sai an ɗauki jariri a mota zuwa birni, wani a hanya yake cikawa. Ban ce ki yi ƙarya ba, ni na hana ki ita tun kina rarrafe. Cewa na yi ki fi ƙarfafa murya a kan solar, ki sassauta a kan sunan.

Allah ya yi albarka.

Saude

Daga Hajiya Saude

Rauda,

Sallama. Ban jira amsarki ba, kin riga kin ji a waya daga yayanki, amma shi ba ya iya ba da labari. Saliha ta sauka, namiji, bakwaini. Ita lafiya lau. Shi yana kwalba a ɗakin Sista Kubra. Da ƙyar zai cika tafin hannuna biyu, fatarsa kamar ta ɗan tsako, amma goshin na gidanmu ne. Na yi sabon ango, sai dai angon bai buɗe ido ya ga amaryar tasa ba.

Tunda Allah ya kawo ni ɗakin, na ce bari in duba abin da kika duba. Ba a shiga sai an cire takalmi an wanke hannu har gwiwa, ni ma sai da wata 'yar nas da ban girmi uwarta da komai ba ta mayar da ni famfo. Na ji haushi, na kuma ji daɗi. An ɗauke wuta ina zaune, fankar baranda ta tsaya, fitilar kwalba ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na tambayi Sista Kubra yadda suke sanin sikelinsu bai yi ƙarya ba, ta ɗauko wani ƙarfe da aka san nauyinsa ta ɗora. Na ce da 'yan awon kasuwar shinkafa za a yi wa haka da an ga kunya. Ta ce, "Hajiya, yanzu na san inda Dakta ta gado tambaya."

Na kuma ga abin da kika faɗa. Ina kallonsa ƙirjin yana ɗagawa, sai ya tsaya. Na'ura ta yi ƙara, nas ta zo ta murza masa tafin ƙafa, ya ja numfashi kamar wanda aka tasa daga barci. Ita ta koma aikinta, ni kuwa na ci gaba da kallon ƙirjin. An ce ana ba shi maganin goron naku, a awon da suka saba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Suna Asabar ne. Yayanki ya sayi rago. Iya Tambaya, mahaifiyar Saliha, ta zo daga rugarsu ta bayan Bunkure, ta ce danginsu sun shirya, ɗan fari ne, kuma ba a taɓa suna ba jariri a zuriyarsu ba. Sada wanzami ya aiko yana tambayar lokaci. Saliha ba ta cewa komai, kin san kunyar ɗan fari, ko kwalbar ba ta kallo in muna wurin. Yayanki ya ce abin da na ce shi za a yi.

Abin da nake tunani, mu ɗauke shi da safe a naɗe cikin bargo, a yi aski, mata su gan shi, kafin la'asar mu mayar. Wuni ɗaya ne. Ki gaya min gaskiya a matsayin likita, ba a matsayin mai neman ɗakin gwaji ba.

Saude

Daga Rauda

Inna,

Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ba Anti Saliha lafiyar shayarwa.

A matsayin likita: kada a fitar da shi. Bargo ba kwalba ba ne, jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Hannu nawa ne zai karɓe shi a wunin suna, wa zai tura su famfo? In ya manta da numfashi a tsakiyar guɗa, ba na'urar da za ta yi ƙara. Belu kuwa, Inna, ko ya yi ƙwari ina roƙon a bar masa abinsa, jinin da zai zubar ba shi da shi.

Amsar tambayarki ta baya: a'a. Akwai mutanen da ke duba sakamako ana cikin aiki, in awo ɗaya ya fito fili ya fi, tsayar da gwajin ake yi a ba kowa shi.

Kin ce in sassauta murya a kan suna. Ba zan iya ba, kuma yanzu ma ba ni da murya. Na gaya wa shugabanmu ɗan yayana yana kwance a Gadar Tsamiya, na fita daga cikin masu yanke hukunci a kanta. Saboda haka duk abin da kika yanke ranar Asabar ba zai ƙara wa asibitin maki ba, ba zai rage ba. Yaron kawai zai shafa.

Ban raina suna ba. Na so a ce ina nan in ci ƙauri. Amma ke kika ce suna haƙƙin ɗa ne, ni kuwa ina ganin sai ɗan yana nan zai karɓi haƙƙinsa.

Ba zan kira Yaya in zuga shi ba. Ke ya ba wuƙa da nama.

'Yarki,
Rauda

Daga Hajiya Saude

Rauda,

Assalamu alaikum. An yi suna. Ki zauna ki karanta, don da tsawo.

Takardarki ta ɓata min rai, musamman layin da kika mayar min da maganata. Ba a yi wa uwa haka. Amma na ɗauki mayafi na tafi wurin Liman, don in san ko akwai zunubi a abin da kike so. Na same shi a zaure yana gyaran carbi. Na ce, "Malam, suna yana yiwuwa jariri ba ya gida?" Ya dube ni ya ce, "Hajiya, tun kafin a haifi Hambali nake raɗa suna a unguwar nan. Kin taɓa ganin an fito min da jariri ƙofar gida?" Ya ce, "Uba ya raɗa min a kunne, a yanka rago, a yi addu'a, a raba goro, mu watse. Ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba sai ya fara tafiya ya zo yana ja min rawani. Aski in da larura a jinkirta. Ku mata ne ke son gani, kada ku jingina mana."

Na fito ina jin kunya da mamaki. Na yi sunaye sun fi a ƙirga, ban taɓa lura da wannan ba, don kullum ina cikin gida a kan tukunya.

Saura Iya Tambaya. Na same ta a barandar asibiti da ƙwaryar furarta. Na gaya mata abin da Liman ya ce. Ta ce, "Saude, ni ba Liman nake tsoro ba, bakin mata nake tsoro. In suka zo ba su ga ɗa ba, kafin su kai ruga an ce 'yata ta haifi abin da ake ɓoyewa. Wannan maganar za ta bi yaron har ranar da zai nemi aure." Ban ce mata ƙarya take ba, don na san matanmu, da ni a cikinsu.

Na ce ta zo mu shiga. Ta wanke hannu tana mita, wai ko saniya za ta tatsa ba ta yin wannan wankin. Muka tsaya a kansa. Ban roƙi Allah ya nuna mata ba, amma ya nuna mata. Ƙirjin ya tsaya, na'ura ta yi ƙara, nas ta murza ƙafa. Iya ta kama hannuna ta matse har awarwarona ya shige min fata. Da muka fito ta ce, "Ɗan maraƙin da ya zo ba lokacinsa ba ma, ba a kora shi kiwo." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ke za ki tari matan, ni ba zan iya ba."

Sada wanzami ya fi kowa ɓacin rai. Ya ce, "Hajiya, ni na yi wa uban yaron nan aski, yanzu a ce masu farin kayan asibiti sun ƙwace min jika?" Na ce ba wanda ya ƙwace, kansa yana nan yana jiran askarka, kasonka na nama kuma yau za ka tafi da shi. Ya ce to belu fa? Na ce wannan sai mun sake zama. Ya karɓi namansa yana cewa zamani ya lalace, amma bai bar ko tsoka ba.

Da hantsi gida ya cika. Kowacce ta shigo, "Barka, ina angon?" Tun da safe na sa Sista Kubra ta ɗaukar min hotonsa mai motsi a wayata, yana miƙa, yana hamma, yatsunsa duk a waje, don mai ƙirgawa ta ƙirga. Na shimfiɗa sabon tawul a kan faifai, na ɗora wayar, na miƙa wa babbar yayar Iya. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu kamar jaririn ne, ta kalla, ta ce, "Kai, wannan hancin namu ne," ta yi addu'a ta tofa wa wayar. Haka aka yi ta zagayawa da faifan. Wata daga dangin mahaifinku ta ce, "Yau na ga suna ba jariri, saura biki ba amarya." Na ce mata, "Naki bikin da aka yi da amaryar, ina ce wata uku auren ya yi." Aka yi dariya, ta ja bakinta. Na san ban kyauta ba, na yi istigfari daga baya.

Ba zan ce miki kowa ya gamsu ba. Wasu sun tafi da wuri, wasu sun riƙe abin barkarsu wai sai sun ga ɗa. Su riƙe.

An mayar da sunan mahaifinku, saboda haka Dattijo za a riƙa kiransa. Da yamma na kai wa Saliha nama da kunun kanwa. Na leƙa ta taga kafin in shiga, na gan ta ita kaɗai, Sista ta kwantar mata da shi a ƙirji fata da fata, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na koma baranda na zauna har sai da ta gama, don in na shiga za ta ajiye shi.

Abu ɗaya ya tsaya min. Kwalbar da ke kusa da tamu ta 'yar wata yarinya ce Aziza, daga wajen Madobi, rana ɗaya suka haihu da Saliha. Ranar Juma'a kakar ta zo da bargo. Sista Kubra ta yi magana har muryarta ta dushe. Ni ina zaune, amsar Liman tana bakina, na ce ba gidana ba ne, ban sa baki ba. Sun ce za su dawo da ita Lahadi. Kwalbar tana nan ba kowa.

Ki gaida yaran.

Saude

Daga Rauda

Inna,

Na gode. Na karanta wa maigidana labarin faifan, ya ce a ajiye masa wayar ya ga tofin. Allah ya raya Dattijo, ya sa ya gaji mai sunan.

Kwamiti ya zauna, ina waje. Ba a ɗauki Gadar Tsamiya a wannan zagayen ba. Sun yaba da wuta da ma'aikata, amma jariran da ake ɗaukewa kafin suna sun yi yawa, kuma da abin da ya riga ya faru ake hukunci. Sun ce za a sake dubawa baɗi, in abin ya ragu ƙofa a buɗe take. Na kira Sista Kubra na gaya mata da kaina. Ta ce Dattijo ya fara kama nono.

Na san kin so a ce na yi wani abu. Ki yi haƙuri.

'Yarki,
Rauda

Daga Hajiya Saude

Rauda,

Sallama. Ba ki yi min laifi ba. Da kin sassauta murya kamar yadda na ce, da yau ina jin kunyarki, ke ma kina jin tawa.

An sallamo Dattijo. Sada ya yi masa aski, belunsa yana nan inda Allah ya sa shi. Yaron ya tafi ruga da uwarsa wankan jego, Iya ta yi rantsuwa za ta riƙa kawo shi awo.

Na aika Madobi a tambayo min 'yar Aziza. Ɗan aiken ya dawo ya ce in yi musu addu'a, jaririyar ta koma.

Yanzu duk ranar awo ina zuwa barandar asibitin da faifaina da tawul. Kakanni nake tarewa, don su ke zuwa da bargo. Wata ta saurara, wata ta ce in ji da gidana. Ban san ko zai isa lissafinku ba, ba kuma don shi nake zuwa ba.

Na ajiye miki goron suna a cikin algarara, ina yayyafa masa ruwa. Baɗi in kun dawo duba bayan firji, ki biyo gida ki karɓa, ko motar ta wace ce.

Mahaifiyarki,
Saude